Zanen bango a kan ɗanyen shafe da busasshe: yadda ake sa launi ya zauna

A unguwannin Garwa, Marwa ko Ndjamena ba wuya ka ga zauren da aka ƙawata gab da salla, damina ɗaya ta wuce, launin ya fara tashi kamar saɓar maciji. Mai gida zai ɗora laifin a kan fenti, mai fenti ya ɗora a kan magini. Galibi laifin yana wuri ɗaya: an sa launi a lokacin da bangon ya wuce ɗanye, bai kuma kai busasshe ba.

Hanya biyu ce kawai launi ke kama bango. Ko dai shafen da kansa ya haɗiye shi tun yana ɗanye, ko kuma a jira ya bushe ƙayau a manna launin da wani abu mai danƙo. Kowace da kayanta da lokacinta, kuma tun kafin magini ya kwaɓa shafe ya kamata a san wadda za a bi.

Me ya sa ɗanyen shafe ke riƙe launi

Wannan aiki na farar ƙasa ne, irin wadda ake samu daga ƙona farin dutse, wadda a shagunan kayan gini za ka ga an rubuta chaux a jikin buhunta. Mu nan mun yi dace, don a Figil, kan hanyar Garwa zuwa Marwa, akwai dutsen, kuma a can ake ƙona shi. Idan wuta ta kai wajen digiri 900, dutsen yakan saki iskar da ke cikinsa. A zuba masa ruwa ya tafasa ya narke. A shafa shi a bango, sai ya dinga jawo wannan iska daga sarari a hankali yana komawa dutse. Duk ƙwayar launin da ke kan fuskar shafen a daidai lokacin nan, a cikin sabon dutsen za ta daskare. Shi ya sa ba a sa danƙo ko kaɗan, ruwa da garin launi kawai. Turawan Italiya, da suka shahara da wannan aiki, suna kiransa firesko, kuma zanen da Michelangelo ya yi a rufin wani ɗakin ibada na fadar Fafaroma daga 1508 zuwa 1512 yana nan har yau.

Siminti ba ya yin wannan aiki yadda ake so. Yana saurin kamawa, yana kuma fitar da gishiri fari da ke rufe launi. Shafen ƙarshe dole ya zama na farar ƙasa da yashi zalla.

Jiƙon farar ƙasa

A samu durom mai murfi, a zuba ruwa zuwa rabi, sannan a dinga barbaɗa garin ana juyawa da sanda. Kullum gari ake zubawa cikin ruwa, ba ruwa a kan gari ba. A ci gaba har ya yi kaurin kindirmo, a bar ruwa kamar faɗin yatsu uku yana kwance a sama don kada iska ta taɓa shi, a rufe. Buhu mai kilo 25 yana ba da lita 35 zuwa 40 na jiƙo.

Idan garin da aka riga aka kashe wa zafi ne a masana'anta, mako biyu shi ne mafi ƙaranci, wata ɗaya ya fi. Idan kuwa mai rai ne, wanda ke tafasa in ya ji ruwa, sai ya yi wata uku, a kuma tace shi da rariya. Dalili shi ne 'yan ƙwayoyin da ba su gama narkewa ba: za su shiga shafe, bayan makonni su kumbura su fashe, su bar ramuka kamar zanzana a tsakiyar zane. Jiƙo ba ya lalacewa muddin ruwa na rufe da shi, ƙara laushi ma yake yi.

A sa safar hannu ta roba da tabarau. Farar ƙasa na cin fata, in ta faɗa ido kuwa a wanke da ruwa mai yawa na minti 15 ko fiye, a wuce asibiti. Kada a bar yara kusa da durom ɗin.

Yashi da ruwa

Yashin kogi mai kaifi ake so, na Binuwai, na Logon ko Shari, ko wanda ake kwasa a mayo, wato rafin da ke ƙafewa, lokacin rani. A gwada shi: a zuba yashi cikin kwalba har tsayin santimita 10, a cika da ruwa, a girgiza, a ajiye ya kwana. Idan laka ta kwanta a sama fiye da rabin santimita, sai an wanke. Laka ce ke sa shafe tsagewa. A tankaɗe shi kashi biyu, mai tsakuwa-tsakuwa don shafen ciki, mai laushi kamar garin gero don shafen ƙarshe.

Ruwan rijiyar da ke da ɗanɗanon kanwa, kamar yadda ake samu a wasu wurare wajen tafkin Chadi, bai dace ba. Gishirin zai fito a fuskar zane ya yi fari-fari. Ruwan da ka yarda ka sha, shi za ka kwaɓa da shi.

Shafe hawa uku

A share bangon bulo, a jiƙa shi tun daren jiya, a sake jiƙawa da safe. In bulon mai santsi ne, a fara watsa masa ruwan siminti da yashi don ya yi kaushi, a bar shi ya yi makonni ana ba shi ruwa.

Hawa na farko: awo ɗaya na jiƙo, awo uku na yashi mai kaushi, kaurin santimita ɗaya. Kowace murabba'in mita tana cin kamar lita 10 na kwaɓi. Bangon mita uku-uku ke nan zai ci lita 90 na yashi da lita 30 na jiƙo. Kada a ƙara ruwa da yawa. Kwaɓin ya zama kamar tuwon da bai gama sanyi ba, a buga shi sosai da fartanya har ya yi danƙo. Kafin ya kama a kakkarce shi da ƙusa. A ba shi mako ɗaya zuwa biyu ana yayyafa masa ruwa safe da yamma.

Hawa na biyu: ɗaya da biyu, kaurin milimita 6 zuwa 8, a daidaita shi da katako amma kada a goge shi ya yi santsi. Shi ma mako guda. A kan wannan ne ake zana tsarin aikin gaba ɗaya da gawayi ko ruwan jar ƙasa, a ja da baya a duba ko dagin ya zauna a tsakiya, ko layukan sun miƙe.

Hawa na uku shi ne na zane: ɗaya da ɗaya, yashi mai laushi ko garin farin dutsen marmara, kaurin milimita 3. Kusan lita biyu-biyu na kowanne sun ishi murabba'in mita ɗaya.

Lokaci, wanda shi ne dukan aikin

A ƙasashe masu sanyi shafen ƙarshe yakan ba mai zane awa 6 zuwa 8. Kada ka yi lissafi da wannan a Kusiri cikin watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40. Nan in ka samu awa biyu zuwa uku ka gode Allah. Hunturu ya fi haɗari, don sanyin yana yaudarar mutum alhali iskar busasshiya ce, tana zuƙe ruwan shafe tana kuma liƙa masa ƙura. A ganinmu lokacin da ya fi shi ne ƙarshen damina, Satumba zuwa farkon Oktoba, ko cikin damina in aikin na cikin ɗaki ne ko ƙarƙashin baranda.

Saboda haka ba a shafe bango duka. Ana shafe iyakar abin da hannu zai iya gamawa, wanda ga mai koyo bai wuce rabin murabba'in mita ba. Ana farawa daga sama a gangaro, don abin da ya ɗiga kada ya ɓata wanda aka gama.

Da yamma a jiƙa wurin da za a yi gobe har sai ya daina shan ruwa. Bayan sallar asuba a sake yayyafawa, a jira ƙyallin ruwan ya ɓace, a shimfiɗa shafen da cokalin gini, a bi da allon katako ana zagayawa, sannan a lallaɓa shi sau ɗaya ko biyu da bayan cokali. Kada a yi ta gogawa har ya yi sheƙi. Hakan na toshe fuskar, launi ya kasa shiga. A kafa tamfol ko zana ta tare rana da iska.

Bayan minti 20 zuwa 30 a danna da yatsa. In ya lotsa, da saura. In bai lotsa ba amma da sanyi-sanyi, a ɗiga ruwa da burushi: idan bangon ya shanye shi nan take, lokaci ya yi.

Tun da shafen ya rufe zanen da aka yi a hawa na biyu, sai an maido shi. A zana siffar a takardar buhun siminti, a huhhuda layukan da allura, a ɗora a bango, a daddaɓa da garin gawayi da aka ƙulle a tsumma. Ko kuma a bi layin da tsinke mara kaifi ta bayan takardar, ya bar shaida a jikin shafen. Masu son zane mai zurfi, irin wanda ake gani a fuskar gidajen Damagaram da Zariya, a nan suke yanke shafen da wuƙa su fito da launin hawan da ke ƙasa.

Launin ya zama ruwa-ruwa kamar shayi mai kauri, burushi kuma mai laushin gashi. A ja sau ɗaya a wuce. In ana son ya ƙara duhu, a ba wurin 'yan mintoci a sake bi. Kai da komo a wuri ɗaya yana tayar da farar ƙasa ta gauraye da launi, wurin ya yi dusu-dusu. A fara da launuka masu haske da manyan filaye, a ƙare da baƙi da siraran layuka. Fari kuwa jiƙon ne da kansa, a tsinka shi da ruwa.

Ga alamar da ba a wasa da ita. Da farko za ka ji bangon na jan ruwa daga burushi. Can sai ka ga launin ya fara kwanciya a sama yana ƙyalli, burushin na turjewa. Fuskar ta rufe ke nan. Duk abin da aka ƙara daga nan zai yi kyau yau, amma wata ɗaya in aka shafa hannu zai biyo tafi kamar hoda. A ajiye burushi, a ɗauki wuƙa a yanke shafen da ba a kai gare shi ba, a karkace bakin yankan, a zubar. Gobe a jiƙa bakin a haɗa sabo. Gwani yakan sa mahaɗin ya faɗa kan wani layi na zanen, yadda ido ba zai kama shi ba.

Launi a ɗanyen shafe yana yin haske sosai in ya bushe. A gwada kowane haɗi a kan busasshen ɓallin shafe kafin a kai bango, kuma a haɗa wanda zai isa aikin duka a kwalba mai murfi, don haɗin gobe ba zai taɓa zama daidai da na yau ba.

Bayan an gama, a rataya jiƙaƙƙen buhun algarara a gaban bangon ba tare da ya taɓa shi ba, kwana uku zuwa biyar. Shafen da ya bushe da gaggawa bai zama dutse ba, gari ne kawai a tsaye. Kada ruwan sama ya doke shi a makonni biyun farko. In wata ya cika a goga jiƙaƙƙen farin tsumma a wani lungu. In ya fito fes, aiki ya kama.

Launukan da ke jure farar ƙasa

Ba kowane launi ke shiga nan ba, don kaifin farar ƙasa na cinye wasu. Na ƙasa su ne abin dogaro: jar ƙasa, rawayar ƙasa, ƙasa mai ruwan makuba, da gawayi. Garin launin da ake sayarwa don daɓen siminti, ja da rawaya da baƙi, shi ma yana jurewa tun da don siminti aka yi shi. Rinin tufafi da galura ba sa zama. Shuɗi da kore ne masu rigima: wani shunin yana tsayawa, wani ya koma ruwan ƙasa cikin kwana ɗaya. A kwaɓa kaɗan da jiƙo, a shafa a ɓallin bulo, a rufe rabi, a bar shi a rana mako guda, a kwatanta.

Launin ƙasa ana iya yinsa a gida. A jiƙa ƙasar a bokiti, a dama, a ƙirga zuwa talatin don yashi ya zauna, a tsiyaye ruwan launin cikin wani bokiti ya kwana. Da safe a zubar da ruwan sama, a shanya abin da ya kwanta, a niƙa. Rawayar ƙasa in aka soya ta a kasko takan koma ja, don haka ƙasa ɗaya na iya ba da launi biyu ko uku gwargwadon wuta.

Busasshen shafe

Nan babu tsere da rana, ana iya gyara kuskure, kuma kusan kowane launi na shiga. Abin da aka rasa shi ne ƙarko, don launin a sama yake zaune. Leonardo da Vinci ya zaɓi wannan hanya a babban zanensa na birnin Milan wajen 1495 don ya samu yin aiki a natse, kuma tun yana raye zanen ya fara ɓarewa.

Sharaɗin farko bangon ya bushe har ciki. Filastar siminti tana son kwana 28 aƙalla, ta farar ƙasa mako 4 zuwa 6. Fari da fuska ta yi ba shaida ba ce. A manna leda mai faɗin kamu biyu a bango, a like gefunanta, a bar ta kwana ɗaya. In an ga raɓa a ciki ko wurin ya yi duhu, a ƙara jira. Sannan a kankare duk abin da ke tashi, a cike tsagu, a share ƙura, a shafa danƙon da za a yi aiki da shi tsararo-tsararo sau ɗaya don bangon ya rage ƙishi.

Ƙaro shi ne mafi kusa da hannu, Chadi ma tana cikin manyan masu fitar da shi a duniya. Awo ɗaya na dakakken ƙaro, awo biyu na ruwa, ya jiƙa kwana biyu, a tace. Wajen aiki a tsinka awo ɗaya da ruwa uku, a dama garin launi a ciki. In ya bushe yana biyo yatsa, ƙaro ya yi kaɗan. In yana ƙyalli yana tsattsagewa, ya yi yawa. Amma ƙaro na cikin ɗaki ne kawai. Ruwa na narkar da shi ko bayan shekara goma.

Wanda ya fi shi ƙarfi nono ne, irin wanda aka kaɗe aka cire man. Kindirmo bai yi ba, maiƙonsa na hana kamawa. A ɗumama nonon kaɗan har ya tsinke, a tace a tsumma, a ɗauraye cukun, a matse. Awo biyar na cuku, awo ɗaya na jiƙon farar ƙasa, a yi ta juyawa. Cikin rabin awa zai narke ya zama danƙo. A tsinka da ruwa ninki biyu ko uku. In ya bushe sosai ruwa ba ya narkar da shi, don haka yana yi a baranda da zaure. A haɗa na yini ɗaya kawai, kuma da launukan da ke jure farar ƙasa. A shafa shi siriri, don mai kauri yana jan fuskar shafe ya ɓalle da ita.

Gwaiduwar ƙwai da ruwa daidai wa daida tana yi wa ƙananan layuka, musamman shuɗin da aka kasa sawa a ɗanye. Da yawa haka ake haɗa hanyoyin biyu: manyan filaye a ɗanye, ƙananan ado bayan wata ɗaya.

Fentin kanti na ruwa shi ya fi dacewa da filastar siminti a waje. Hannu ɗaya na share fage, biyu na launi, lita ɗaya na rufe murabba'in mita 8 zuwa 10 a bango mai santsi. Kuskuren da aka fi yi uku ne: tsinka shi da ruwa fiye da kima don ya yi auki, shafa shi da tsakar rana a bango mai zafi, da ɗora shi kan tsohon farin shafe ba a kankare ba. Fentin mai kuwa in ya hau sabuwar filasta, kaifin siminti na mayar da shi kamar sabulu, ya yi ta danƙo yana kumbura.

Bangon ƙasa

Matan Kotoko na ƙauyen Gawi, kusa da Ndjamena, sun daɗe suna zana gidajensu da launin ƙasa a kan yaɓen laka. A nan babu abin da ke komawa dutse. Ana shafa launin tun yaɓen na da laima, a danne shi da dutse mai santsi har ya shiga jiki, a sabunta in damina ta wuce. A waje ana iya bi da ruwan makuba, amma a sani yana sa launi duhu. Kada a rufe bangon ƙasa da fentin mai ko siminti: laimar da ke ciki ta rasa mafita, ƙasar ta ruɓe a baya, wata rana fuskar ta zubo gaba ɗaya.

Ko bangon ƙasa ne ko na bulo, a duba ƙasansa da samansa kafin a fara. In gindin bango na jan laima, a bar santimita 50 zuwa 60 daga ƙasa babu zane, a shafe wurin da farar ƙasa da jar ƙasa kawai, abin da za a iya sabuntawa kowace shekara. In indararo na zuba a jikin bango, a tsawaita shi tukuna. Inda gishiri ya riga ya fito, a goge shi da busasshen burushi, kada a wanke, don ruwa na mayar da shi ciki ya sake fitowa a wuri mai faɗi fiye da na da.